Ba Yawan Wani Ke Sa Agogo Gudu Ba

A babbar kasuwar Sakkwato za ka ji ana cewa agogo mai wani yana gudu ne don an cika wana shi. Ba haka ba ne. Shi wanin, ƙarfi kawai yake ba agogo. Lokaci kuwa yana hannun wata 'yar ƙafa mai kai-komo da siririyar waya naɗaɗɗiya kamar gashi. Kusa da ita akwai ɗan hannu mai alamar + da −. In mai gyara ya tura shi wajen +, tsawon wayar da ke aiki ya ragu, agogo ya ƙara sauri. In ya tura shi wajen −, tsawon ya ƙaru, agogo ya lafa. Yawancin jabun agogo masu wani ma suna da wannan ɗan hannun.