Albarka, Ƙara Dai!

(Teburin mai shayi, da hantsi. Alhaji Bakano, Bazazzagi, Jauro Bafulatani da Sarkin Magani, mai tallar maganin gargajiya da lasifika, sun cika benci. Sai ga wani matashi da farar riga da abin awon jini a hannu.)

Matashi: Salamu alaikum, iyayena. Barkanku da hutawa.

Bakano: Wa alaikumus salam. In kuɗin haraji ne, mai shagon ya yi tafiya.

Matashi: A'a Alhaji, daga asibitin koyarwa nake. Bincike muke yi kan maganin hawan jini, muna neman masu ciwon da za su shiga don raɗin kansu.

Bakano: Nawa?

Matashi: Mutum nawa muke nema?

Bakano: Nawa kuke biya, yaro.

Matashi: Kuɗin mota ne kawai. Awo da magani kuma kyauta.

Bakano: Albarka. Ƙara dai.

Bazazzagi: Ka ji Bakano! Ko hanya ka tambaye shi sai ya nemi la'ada.

Matashi: Ba ciniki a ciki, Alhaji. Kwamitin da ke sa mana ido ba ya yarda a zuba kuɗi da yawa, don kada talauci ya sa mutum ya amince da abin da ransa bai so ba.

Bakano: To a gaya wa kwamiti, ni da talaucina mun yi shawara, mun amince.

Jauro: Wane magani ne za ku ba mu?

Matashi: Iri biyu ne, duk NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta yi musu rajista. So muke mu ga wanne ya fi yi wa mutanenmu aiki. Kwamfuta ce ke jefa ƙuri'a, kowa ya sha wanda ya faɗo masa. Kai ba ka san naka ba, likitan da ke duba ka ma bai sani ba.

Jauro: Likitan ma? Aradu ko mai allurar shanu sai ya duba kwalba kafin ya tsira wa nagge.

Matashi: An rubuta an ajiye, Baffa. In wata matsala ta taso, nan take ake buɗewa. Ana ɓoyewa ne saboda in likita ya sani, zuciyarsa za ta karkata ga wanda ya fi so, sai sakamako ya gurɓata. A wasu binciken ma, inda ba hatsari, rabin mutane ƙwayar da babu komai cikinta sai gari ake ba su, don a gane aikin magani ne ko sa rai ne.

Sarkin Magani: Gari zalla? Kuma mutum ya ce ya ji sauƙi?

Matashi: Yakan faru.

Sarkin Magani: Kai, ashe har boko ya shigo mana sana'a.

Mai shayi: (ya ajiye buta) Ɗan nan, bari in tambaye ka, kuma ba da wasa ba. An haife ka a 1996?

Matashi: A'a, Baba.

Mai shayi: To shekarar sanƙarau ce. Mutanen kamfanin magunguna na Pfizer suka sauka a Asibitin Zana na Kano, suka ɗebi yara 200, rabi suka ba su sabon magani Trovan, rabi wani daban. Yara 11 suka rasu, wasu suka kurumce, wasu suka nakasa. Kamfani ya ce cutar ce, iyaye suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Sai 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Da ka ji an ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, har da wannan miki a ciki.

Matashi: Haka aka yi, Baba, ba zan musa ba. Shi ya sa ga takardar amincewa da Hausa. Ta faɗi sunayen magungunan, da illar da kan iya biyo baya, da wanda zai ɗauki nauyi in an cutu, da lambar kwamitin da za a kai ƙararmu. Wanda bai iya karatu ba a karanta masa a gaban shaidar da shi ya zaɓa. Ku tafi da ita gida, ku kwana a kanta. Wanda ya shiga kuma, ran da ya ga dama ya fita, ba abin da zai taɓa katinsa na asibiti.

Jauro: Dangwalawa ake yi?

Matashi: In an gamsu.

Jauro: Dangwalena na ƙarshe na zaɓe ne. Har yau ina jiran rijiyar.

Bazazzagi: Ni dai sai na tambayi matana. In ya yarda, shi ke nan.

Bakano: Ya yarda? Yaro, rubuta wannan a binciken gaba. A gano mana ƙwayar da za ta sa Bazazzagi ya bambance mace da namiji.

Bazazzagi: A fara gano wadda za ta sa Bakano ya biya bashi.

Bakano: Ni miƙo abin awon. Kuɗin mota ma kuɗi ne, da ƙafa zan je.

Matashi: (ya ɗaura, ya matsa) 120 bisa 80. Ma sha Allah Alhaji, jininku lafiya lau. Daga 140 bisa 90 ake fara maganar hawan jini, shi ma sai an maimaita awon. Ba za mu iya ɗaukarku ba.

Bakano: Wato lafiyar tawa ce laifi? Gwada ɗaya hannun, shi ne nake ƙirga asara da shi.

Sarkin Magani: Ka gani? Garin da na ba shi bara ne. Cokali ɗaya a kunu, hawan jini da basir da sammu duk su kama gabansu. Zo ka auna mai maganin da kansa, jama'a su shaida.

Matashi: (ya auna, ya yi shiru, ya sake) Ranka ya daɗe, 170 bisa 100. Ko ba ku shiga bincike ba, don Allah ku ga likita a makon nan.

Sarkin Magani: Batirin abin nan ya yi sanyi.

Jauro: Da ya auna Alhaji da zafinsa.

Sarkin Magani: (ƙasa-ƙasa) Akwai ƙofar baya a asibitin naku? Kwastomomina da yawa a bakin get suke zama.

Mai shayi: Tunda Allah ya ba ka lafiya, Alhaji, bari in ɗauko littafi. Shayi mai kauri da ƙwai uku-uku, tun ƙaramar salla. Ga na baƙin da ka ce a rubuta a kanka ranar sunan jikanka. Ga kuma kuɗin madara da ya tashi.

Bakano: Da sabon farashi za ka lissafa?

Mai shayi: Da wanne na sayo?

Bakano: (ya dafe ƙirji, ya naɗe hannun riga) Yaro! Kada ka rufe jakar nan. Zo ka auna yanzu, kafin ya sauka!