Ni da Jakar Gana-mas-go a Wurin Dina

Har yanzu ban gama hucewa ba, amma tunda hoton ya riga ya zaga dangi, gara in ba da labarin da bakina kafin Gwaggo ta ƙara masa gishiri.

Mafarin abin wata tsohuwar mujallar Vogue ce da na gani a wurin masu baza littattafai a bakin titi, na saya don kawai bangonta yana sheƙi. Daga nan na kamu da bin tallan tufafin da manyan masu zanen kaya suke yi sau biyu a shekara a New York da Landan da Milan da Paris, har na zama mai yi wa majalisarmu bayanin abin da ba su tambaye ni ba. A cikin wannan bincike ne na gano cewa kamfanin Louis Vuitton, a zamanin da Marc Jacobs yake zana masa kaya, ya fito da wata jaka mai gidan dara a cikin kayan bazarar 2007, wadda ko yaron goye ya gani ya san Gana-mas-go ce aka buga wa tambari. Na kuma ga Balenciaga a 2022 ya fito da jakar fata mai siffar ledar shara, kuɗinta dala 1,790. Sai na ce wa raina ashe mun daɗe muna zaune a kan arziki muna zuba masa albasa da tsummokara.

Da bikin abokinmu ya zo, sauran abokan ango suka ɗinka ankon farar shadda, ni ma na ɗinka, amma na ƙudurta cewa daren dina nawa ne. Na kai wa telana hoton wata kwat mai faɗin kafaɗa irin wadda ake hawa dandamali da ita, ya juya wayar sama da ƙasa, sannan ya ce, "Yallaɓai, ku biyu ne za ku shiga ko kai kaɗai?" Da bai sami abin cika kafaɗun ba, sai ya yanko soson tsohuwar kushin ya cusa. Jakar kuwa sabuwa fil na saya a kasuwa, babba, mai ja da fari da shuɗi, na cika ta da tsofaffin jaridu don ta tsaya da kyau.

Na yi kwana uku ina koyon tafiyar a tsakar gida. Ƙa'idarta ita ce ba a murmushi, ba a gaida kowa, ana kafa ido a bango kamar wanda ake bi bashi, ana jefa ƙafa ɗaya a gaban ɗaya. Da gangan na makara don in tarar kowa ya zauna, domin hanyar da ke tsakanin tebura, wadda amarya da ango suka bi, ita ce na ɗauka a matsayin dandamalina.

Matsala ta farko ta same ni tun daga ƙofa, inda aka yi wani ado na furannin roba mai kama da baka. Kafaɗuna suka ƙi wucewa, dole na karkace na shiga a kaikaice kamar ana shigar da katifa ɗaki, kuma wani reshen fure ya maƙale a kafaɗar hagu ya biyo ni ban sani ba. Duk da haka na daure fuska na fara takawa. Abin da ban lissafa ba shi ne, a garin nan idan mutum ya shigo taro a makare, fuska a murtuke, riƙe da Gana-mas-go cike taf, ma'anarsa ɗaya ce tak.

Mai gabatarwa ya ɗaga hannu aka tsayar da kiɗa. "Jama'a, a ba shi hanya!" in ji shi. "Ga wanda ba ya liƙi da hannu, sai da jaka!" Kafin in yi taku biyar maroƙa uku sun kewaye ni, mai kalangu ya manne a bayana, wani yana kirarin kakana wanda bai taɓa sani ba, mata suna guɗa, masu ɗaukar hoto sun haske ni da fitila har ba na ganin gabana. In faɗi gaskiya, na ɗan ji daɗi na kusan daƙiƙa goma, domin na ɗauka shigar ce ta burge su. Sai da na ji wani ya ce, "Wallahi dubu-dubu ne, dubi yadda take rinjayarsa," sannan cikina ya ɗuri ruwa.

Aka raka ni har gaban amarya da ango, aka karɓi jakar da hannu biyu aka ajiye a tsakiyar fili. Ango yana kallona da idon da ke cewa yaushe ka yi kuɗi ban sani ba, alhali shi ya ranta mini kuɗin ɗinkin ankon. Na buɗe baki in yi bayani, mai kalangu ya ƙara wuta. Babban maroƙin ya durƙusa ya kama zik ɗin, zik ya ƙi, kamar yadda zik ɗin wannan jaka ya saba tun da aka halicce ta. Ya ja da ƙarfi, ya sa gwiwa ya danne, ya sake ja, sai bakin jakar ya yage daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Jaridu suka fara fitowa a cukuikuye. Maroƙin bai karaya ba, ya zura hannu har kafaɗa yana tonowa, yana zaton an rufe kuɗin ne saboda idon jama'a. Ya zaro silifas ɗina, ya zaro cajar waya, ya zaro farar shaddar ankon da na naɗo ko da za a buƙata, daga ƙarshe ya zaro mujallar, ya girgiza ta ko wani abu zai faɗo. Zauren ya yi tsit, har ana jin ƙarar fanka. A cikin wannan shirun ne wani yaro ya ce da ƙarfi, "Mama, takardun ƙosai ne."

Da an bar ni a nan ma da sauƙi. Amma sai na karɓi makirufo, kuma wannan kuskure nawa ne ni kaɗai. Na ce, "Jama'a, wannan jaka a Paris..." Mai gabatarwa ya fizge abinsa ya ce, "Kun ji, ya ce kuɗin suna Paris, a yi masa tafi!" Aka kuwa yi tafin, har da amarya, wadda aka ce tun safe ba ta yi dariya ba.

Duk wannan zan iya yafewa. Wadda ban yafe wa ba ita ce Gwaggo. Tana zaune a tebur na biyu, ba ta yi dariya ba ko kaɗan, ta bari sai da na zo wucewa ina tattara jaridu sannan ta riƙo gefen kwat ɗin ta ce, "Ɗan nan, korar ka aka yi daga gidan haya?" Na rusuna na ce, "A'a Gwaggo, ado ne, haka manyan masu zanen kaya suke yi a Turai." Ta ce ita da idonta ta ga waɗanda suka ɗauki wannan jaka da dalili a 1983, lokacin da gwamnatin Shagari ta ce baƙin da ba su da takardu su bar ƙasa, kuma ko su da suke cikin tashin hankali ba su yi irin tafiyar da na yi ba. Sannan ta latsa kafaɗata da yatsa, soson ya lotsa ya dawo, ta sake latsawa, ta kira ƙawarta ita ma ta zo ta latsa.

Wannan fa ita ce Gwaggon da ba ta zuwa biki sai da tata Gana-mas-go a naɗe a ƙarƙashin mayafi saboda kayan rabo, kuma kular abincin da ta ara a wurin Umma tun sunan ɗan Yaya har yau ba ta dawo ba. Ban faɗa mata haka ba, domin ba a yi mini irin wannan tarbiyya ba, amma na faɗa a zuciyata sau da yawa a daren. Da aka tashi ta aiko yaro ya ce in na gama da jakar in ba ta, yagewar ba komai, za ta sa a ɗinke. Na ba shi. Da idona na ga an fita da ita cike da robobin rabo da ragowar lemo, mutum biyu suna kamawa.

Na shiga banɗaki na sauya zuwa ankon, wanda ya yamutse kamar an tauna, na zauna a teburin ƙarshe kusa da masu raba abinci, shinkafa kuma ta ƙare kafin a zo kaina. Telan ya kira ni jiya yana tambayar cikon kuɗinsa, ya kuma ce idan ba zan ƙara saka kwat ɗin ba in mayar masa da soson, akwai mai babur da yake so.