Ba a ɗaga darajar Naira da sanarwa

Tun da aka fara kaɗa gangar 2027, wani tsohon alkawari ya dawo bakin 'yan siyasa da 'yan amshinsu a rediyo da Facebook: wai in sun hau mulki za su mayar da dala Naira 200. Jama'a na tafi, ba mai tambayar ta yaya. Ko dai rashin sani ne ko yaudara, kuma gara a ce rashin sanin ne.

Karya darajar kuɗi da ɗaga ta, duka hukunci ne da hukuma ke yankewa a ƙasar da ta ɗaure farashin kuɗinta. Babban banki zai ce dala kaza ce, ya kuma ɗauki nauyin sayar wa duk wanda ya zo a kan wannan farashi. Ranar da asusunsa ya gaza, sai ya yanka sabon farashi mai tsada. Haka aka yi wa sefa a Janairun 1994, aka wayi gari faran ɗaya na Faransa ya koma sefa 100 daga 50. Ɗagawa kuwa mai rara ke yin ta. Sin ta ɗaga kuɗinta da kusan kashi 2 cikin 100 a Yulin 2005 ne saboda kayanta sun cika kasuwannin duniya, dala ta yi mata yawa. Jamus ta Yamma ta yi haka a 1961 da 1969. Mu da ɗanyen mai ne ke kawo mana mafi yawan dalarmu, wace rara gare mu?

Tun 14 ga Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya bar mai saye da mai sayarwa su daidaita. Kenan mai alkawarin Naira 200 cewa yake zai sake ɗaure farashi, kuma mun gwada. Zamanin Abacha dala na Naira 22 a hukumance, a kasuwa ta haura 80. Zamanin da Emefiele ke gwamnan Babban Banki an riƙe ta a 197 har kasuwar bayan fage ta wuce 300, sannan aka saki a Yunin 2016. Kafin sakin 2023 gwamnati na cewa wajen 460, 'yan canji na cewa wajen 750. Lissafin ba wuya: wanda aka ba dala miliyan ɗaya a 460 ya fita ya sayar a 750, ya ci Naira miliyan 290 bai ɗaga ko tsinke ba. Ɗan kasuwar da ke sayo kayan gyaran babur bai taɓa ganin dalar 460 ba, da ta 750 yake yanka farashi, ita mai saye ke biya. Abin da aka gada daga wannan tsari shi ne bashin dala kusan biliyan 7 da bankin ya yi alkawari bai cika ba.

Mutanen Sakkwato ne ya kamata su fi kowa gane wannan, domin Illela na nan a bakin iyakar Nijar, inda ake kashe sefa. Sefa a ɗaure take da yuro, sefa 655.957 kowane yuro ɗaya, kuma baitulmalin Faransa ne ya tsaya mata. Saboda haka ɗan canji a bakin iyakar Ƙonni ba ya jiran sanarwar Abuja. Yana duba Naira nawa ce dala, dala nawa ce yuro, ya fitar da farashin jaka guda ta sefa. In Naira ta faɗi, gero da masararmu sun yi araha ga mai sefa, buhuna su tsallaka, mudu ya yi tsada a cikin gari, sa da ragon da ake korowa daga Nijar su ma su yi tsada. A rubuta 200 a takardar gwamnati, dillalin shanu ba zai rage ko sisi ba, don shi sefa zai biya makiyayi.

Masu cewa faɗuwar Naira alheri ce ga masu fitar da kaya su je Goronyo su tambayi manomin albasa nawa yake sayen taki da fetur da injin ban ruwa. Masu son a cire sifili biyu daga Naira, kamar yadda Soludo ya kawo yana gwamnan Babban Banki a 2007 gwamnatin 'Yar'aduwa ta dakatar, su ma su sani cewa sauya mudu ba ya ƙara hatsi a rumbu.

Naira na ƙarfi ne in dala mai shigowa ta fi mai fita, kuma in babban banki ya daina buga kuɗi yana ranta wa gwamnati, irin bashin da ya haura Naira tiriliyan 22 kafin Buhari ya sauka. A toshe satar ɗanyen mai, a jeme fatar jar akuyarmu a nan a ɗinka ta takalmi kafin ta fita. Ɗan takarar da ya zo filin taro da zancen Naira 200 kuwa, a tambaye shi dala nawa zai riƙa sayarwa duk mako a wannan farashi, daga ina zai samo ta, kuma sunan wa ke farkon layi.