Kafin mu ce wane ya fi wane iya harsuna

Jama'a, akwai gardamar da ba ta ƙarewa a tsakanin masu sha'awar koyon harsuna, wato wa ya fi wani a cikin mutanen nan da ke saka bidiyo a YouTube da TikTok suna zuba yare bayan yare. Wannan ya ce gwaninsa na jin harsuna 20, wancan ya ce nasa 30, na uku ya shigo ya ce ai duk 'yan damfara ne, hadda kawai suke yi. Na daɗe ina bibiyar bidiyoyin nan, wasunsu sun amfane ni ƙwarai, kuma abin da ke damuna shi ne mudun da muke auna mutanen da shi. Yawa muke bi, alhali ba abin da ya fi yawa sauƙin kumburawa a wannan harka.

Ku duba irin bidiyon da ya fi samun 'yan kallo. Saurayi Bature ya shiga gidan abinci a unguwar 'yan Sin da ke New York, ya fara magana da Turanci, can sai ya juya zuwa harshen mai shagon. Matar ta riƙe baki, ta ƙwala wa mijinta kira daga kicin, a yi ta dariya, wani lokaci har a ƙi karɓar kuɗinsa. Abin da daɗin kallo, ban musa ba. Amma ku kasa kunne ga abin da ake faɗi. Sunana wane. Ina son ƙasarku. Wata kaza na yi ina koyo. Abincin nan da daɗi. Tambayoyin da za a yi masa ma ya san su tun daga gida, domin duk wanda ya ji baƙo na yarensa abu ɗaya yake tambaya: a ina ka koya, ka taɓa zuwa ƙasarmu? Wurin da nake jira shi ne inda matar za ta saki jiki ta kawo zancen da bai shirya masa ba, tsadar haya ko ciwon ƙafar mahaifiyarta, da saurin da take magana da 'yan'uwanta. A bidiyoyi da yawa daidai nan ake yanke hoton. Idan ba a yanke ba, sai ka ga gwanin ya yi dariyar yaƙe, ya gyaɗa kai, ya koma kan "ina son ƙasarku". Mu kuma da ba ma jin yaren, rubutun fassara da ke ƙasan allo muke karantawa, wanda shi da kansa ya rubuta, ya share duk wani tuntuɓen harshe da ya yi.

Wannan ba sabon abu ba ne. Ziad Fazah, mutumin Labanon da ke zaune a Barazil, ya taɓa shiga kundin Guinness da iƙirarin harsuna 58. A 1997 wani shirin talabijin a ƙasar Chile ya zaunar da shi gaban masu harsunan na asali, suka yi masa tambayoyi da Rashanci da Farisanci da Sinanci da wasunsu, ya yi ta kame-kame. Ba wai mutumin bai san komai ba ne, ya san harsuna fiye da yawancinmu. Lambar da aka ɗora masa ce ta fi ƙarfin abin da ke ƙasa, kuma ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Sannan su kansu harsunan ba nauyinsu ɗaya ba. Makarantar da ke horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta ƙiyasta cewa mai jin Turanci na buƙatar awa 600 zuwa 750 a aji kafin ya iya aiki da Sifaniyanci ko Faransanci, amma Larabci da Sinanci da Japananci da harshen Koriya sai ya ba su kusan awa 2,200 kowanne. To ɗan Italiya da ya lissafa Sifaniyanci da harshen Fotugal da Faransanci da Katalan, duk 'yan gida ɗaya ne da harshen uwarsa, ta yaya za a jera shi da wanda ya ɗauki Larabci da Japananci kaɗai a ce ya ninka shi? Wasu ma sukan ƙirga harshen Sabiya da na Kuroshiya da na Bosniya a matsayin uku, alhali masu su na fahimtar juna ba tare da tafinta ba. Wanda ya ce maka yana da rijiyoyi 20, tambayar da ta kamata ita ce nawa ne ke da ruwa a watan Afrilu.

Duk da haka ba na tare da masu yi musu kuɗin goro. Akwai na kirki a cikinsu, kuma kowa da abin da ya sa gaba. Steve Kaufmann, dattijon Kanada da aka haifa a 1945, tsohon jami'in diflomasiyya ne, hanyarsa kuwa saurare da karatu mai yawa kafin a matsa wa baki. Ya kama Rashanci yana wajen shekara 60, ya kama Larabci da Farisanci bayan ya haura 70, kuma yakan saka doguwar hira inda ake jin inda-indarsa a fili. Benny Lewis na Ailan akasin haka yake koyarwa: ka buɗe baki tun ranar farko, ka yi kuskure, kunya ba ta koya wa kowa yare. An soke shi sosai kan alkawarin iya yare cikin wata uku da ya yi suna da shi, ni ma ina ganin alkawarin ya yi girma, amma mutane da yawa da tsoro ya ɗaure wa harshe ta dalilinsa suka fara magana. Luca Lampariello na Italiya an san shi da gyaran lafazi. Marigayi Moses McCormick, baƙar fatar Amurka da ya rasu a 2021, shi ne ya yi fice tun da wuri wajen tarar baƙi a kantuna yana gaishe su da harshensu. Nahawunsa a yawancin harsunan bai yi zurfi ba, sai dai wanda ya ga yadda fuskar baƙon da ke fama da kewar gida ke washewa ya san mutumin ya yi abin a yaba. Ka ce Kaufmann ya fi McCormick ko McCormick ya fi Kaufmann, ka haɗa mutum biyu da ba wuri ɗaya suka nufa ba.

Lafazi kuma yana ruɗar mu ba kaɗan ba. Mai kunnen kwaikwayo zai iya furta jimla goma tamkar ɗan gari, a ɗauka ya gama da yaren, shi kuwa wanda ya karance littattafan harshen, yake iya rubuta takardar koke ko ya yi tafinta a asibiti, sai a raina shi don harshensa na da nauyi.

Mu Hausawa muna da namu kason a wannan. Da zarar Bature ko ɗan Sin ya ce "sannu da aiki, ina gajiya", shi ke nan bidiyo ya zagaye gari, a ce ya fi mu iya Hausa. Farin cikin da muke yi na fahimce shi, daɗi ne ka ji baƙo ya darajanta harshenka. Amma yabon da ya wuce kima zalunci ne ga waɗanda suka yi wahalar gaske, irin ma'aikatan sashen Hausa na rediyon ƙasar Sin da ke karanta labarai da fassara kullum, ko Paul Newman da ya ƙarar da shekaru yana nazarin nahawun Hausa. Zalunci ne kuma ga namu na gida. Direban da ke bin hanyar Agadas yana ciniki da Hausa da Tamashek da Zabarmanci da Faransanci. 'Yar kasuwa a Maiduguri tana juya Kanuri da Hausa da Larabcin Shuwa a zama ɗaya, ana musu da ita kan bashi, ba gaisuwa kaɗai ba. Yaron Zango a Kumasi ya tashi da Hausa da Tuwi da Turanci. Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa tun ƙarni na 19. Babu mai kiran direban nan gwanin harsuna, don bai riƙe kyamara ba.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne ɗalibi. Na ga yarinyar da ta yi kusan shekara tana fama da Faransanci, ta kai tana karanta gajeren labari tana ganewa, ta kalli wani yana iƙirarin ya koyi yare cikin mako guda, ta rufe littafinta ta ce ita ba ta da kai. Alhali abin da ke hannunta ya fi na mai bidiyon nesa ba kusa ba. Tim Doner, ɗan New York da ya yi suna yana matashi da harsuna sama da 20, shi da bakinsa ya koka daga baya cewa 'yan jarida sun mai da shi abin kallo, kuma kaɗan ne daga cikin harsunan yake iya zance da su sosai.

Don haka idan zan auna ɗayansu, abin da nake nema bai da yawa. Ya faɗa mana matakinsa a kowane harshe daban. Majalisar Turai ta fitar da ma'auni mai hawa shida tun 2001, daga A1 na ɗan koyo zuwa C2 na ƙwararre, ba wuya mutum ya ce a wannan ina C1, a wancan gaisuwa da ciniki kawai na iya. Ya kuma saka hira ta rabin awa da ba a yanka ba, da ɗan asalin harshen wanda shi zai zaɓi abin da za a tattauna, kuma ya bar wuraren da aka gyara masa kuskure mu gani. Hukuncin ƙarshe kuwa na masu harshen ne. Idan Sinanci yake yi, ra'ayina da naku ba shi da nauyi, sai mu saurari 'yan Sin. Idan Hausa ce, a nan mu ne alƙalai, kuma ya dace mu ja shi da zance har ya wuce "lafiya lau" kafin mu fara tafi.