IB, A Level ko a tsaya kan WAEC ɗinmu? Abin da na faɗa wa Yayana

Satin da ya wuce Yayana ya turo min saƙon murya daga Kaduna minti bakwai cur, kuma duk wanda ya san Yaya ya san ko gaisuwar sallah a taƙaice yake yinta, to da na ga minti bakwai na san akwai magana. Ashe batun Abba ne, ɗansa na biyu da zai shiga SS2, wai wani abokin kasuwancinsa ya ce masa yanzu 'ya'yan manya IB suke yi, WAEC ta zama ta yaku-bayi, in yana so yaro ya fita waje karatu ya cire shi ya kai Abuja ko Legas. A ƙarshe yace "kai da kake zaune cikinsu ka fi mu sanin kan abin, ka ban shawara kafin in sa filin Rigachikun a kasuwa". Maganar filin nan ita ta hana ni barci wlh.

Shekarata 14 a Manchesta, 'yar farina Ummi IB tayi, ƙaninta kuma A Level, ni kuma uban gayyar WAEC nayi a makarantar gwamnati a Tudun Wada na wuce ABU, toh kun ga duka ukun sun bi ta cikin gidana.

IB ɗin nan, wato International Baccalaureate, diflomar ƙarshen sakandare ce, ba ta Ingila bace ba kuma ta Amurka ba, a Janeba ta ƙasar Suwizalan aka kafa ta a 1968, asali dan yaran ma'aikatan da ake yawo da su ƙasa-ƙasa su samu takarda ɗaya da kowace jami'a zata gane. Shekara biyu ake yi, yaro ya ɗauki darasi shida, uku masu zurfi uku na daidai-wa-daida, kuma ba a barinka ka gudu daga komai, dole ka yi lissafi, ka yi kimiyya, ka yi adabi, ka ƙara wani yare, ka yi irin su tarihi ko tattalin arziki. Kowane darasi maki 1 zuwa 7, shida sau bakwai 42, sai maki 3 na ƙari, jimla 45, kuma sai ka kai aƙalla 24 ake maganar difloma. Waɗannan maki ukun daga abu biyu suke fitowa, doguwar maƙala ta bincike mai kalma har 4,000, da wani darasi da suke ce wa TOK wanda aikinsa kawai tambayar ya aka yi ka san abin da ka ce ka sani. Ga kuma CAS, wato wasanni da aikin hannu da taimakon jama'a, babu maki a ciki amma in baka yi ba babu difloma.

TOK ɗin nan ya sha min kai a gida. Wata rana muna cin tuwo ina ba su labarin Sarauniya Amina da ganuwar Zazzau yadda aka koya mana a firamare, sai Ummi ta ajiye cokali tace "Baba, wa ya fara rubuta labarin, kuma shekara nawa bayan rasuwarta?" Na buɗe baki na rufe. Uwarta tace ke Baban naki kike tuhuma, ni kuma a raina ina cewa yarinyar nan fa tambaya tayi mai kyau, ni da na yi digiri biyu ban taɓa yi wa kaina ita ba. Mu hadda muka sani, malam ya rubuta a allo ka kwafa, ranar jarabawa ka zazzage masa kayansa ka fito, bayan sati biyu ko a tsaye aka tambaye ka ba zaka kawo ba.

Maƙalarta kuwa a kan masaƙun Kaduna ta rubuta, tun daga buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957 har zuwa mutuwarsu, kuma kakanta na wajen uwa da yayi aiki a masaƙa shekaru ta riƙa kira a waya duk Lahadi tana tambaya tana rubutawa, tsohon har jira yake, yana ba ta labarin yadda Kakuri ke cika da kekuna in an tashi aikin safe, da yadda atamfar waje mai araha da rashin wuta suka ci su da yaƙi. Malaminta ya dawo mata da rubutun farko yace labarin kakanki shaida ce amma ba hujja bace ita kaɗai, nemo takardu. Yarinyar da aka haifa a asibitin Barau Dikko na Kaduna ta baro garin tana ƙarama, ta hanyar aikin makarantar Turawa ta san Kaduna. Wannan kam na yaba, ba zan ɓoye ba.

Amma bari in faɗi ɗaya gefen dan shi ne masu talla ba sa faɗa. Jarabawarta ta faɗo Mayun 2019, cikin azumi, a nan kuma azumin lokacin wajen awa 18 ne, sai in tashi sahur in tarar da ita a teburin kicin ta kifa kai kan littafin Faransanci, kalkuleta a gefe, shayi ya huce. Likitanci take so, kuma likitanci a nan suna neman 6 ko 7 a darussan masu zurfi musamman kemistiri. Ita kuma lokacinta ya rabu gida shida har da maƙala, Faransancin da ba abin da zai tsinana mata a asibiti yana cin awanninta. Sakamako ya fito farkon Yuli ta samu 34, maki mai kyau ne, amma kemistiri 5. Likitanci ya wuce, ta karanta haɗa magunguna, alhamdulillah tana aikinta yanzu, sai dai har gobe ina ganin da darasi uku kawai ta riƙe da ta samu abin da take so.

Shi yasa da aka zo kan ƙaninta ban yi dogon tunani ba. Yaro ne da in ka ba shi lissafi zai manta da abinci, in kace ya rubuta shafi ɗaya kuma kamar ka ce ya haƙa rijiya. A Level darasi uku ne yawanci, ya ɗauki lissafi da fiziks da kemistiri, shekara biyu yana haƙa rami ɗaya har ya tadda ruwa, yanzu yana injiniyanci. Rubutu kam har yau sai addu'a, saƙonsa na WhatsApp baya wuce kalma huɗu.

Na Amurka kuma AP, wannan ba difloma bace, kwasa-kwasai ne ɗai-ɗai kana ɗauka kana rubuta jarabawa a Mayu ana ba ka 1 zuwa 5, in ba Amurka ko Kanada ka nufa ba ban ga dalilin wahala ba.

To abin da na ce wa Yaya, nima minti goma sha ɗaya na yi masa. Nace Yaya kafin a yi maganar IB, ina Abba zai yi jami'a, kuma wa zai biya? Dan a nan mu kyauta yaran suka yi a makarantar gwamnati, ko kwabo ban biya ba sai kuɗin bas, a gida kuwa makarantun da ke yin IB na gaske kaɗan ne, akasari suna Legas, kuma akwai wadda kuɗinta da dala ake lissafa shi. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 kowa ya ga abin da ya faru, fam ɗaya har ta haura naira 2,000 a 2024. Jami'o'i da yawa a Ingila suna karɓar sama da fam 15,000 a shekara daga ɗan ƙasar waje, wato miliyan 30 kenan a wancan canjin banda haya banda ci banda biza, likitanci kuma kar ma a tada maganar. In ka sai da fili ka biya shekara biyu na sakandare, me zaka sayar na shekara uku ko huɗu da ke gaba? Na ga iyalai a nan da yaro ya zo da takarda mai kyau, shekara ta biyu kuɗi ya yanke, aka koma gida ba digiri ba fili, an yi ba wan ba ƙanen.

Kuma raina WAEC da ake yi yana ban haushi gsky. Eh akwai satar amsa, akwai mirakul senta, kowa ya sani, kuma gaskiya ne yawancin manyan jami'o'in Ingila ba sa ɗaukarka kai tsaye da ita sai ka yi shekarar share fage. Amma hukumar nan tun 1952 take, kuma likitocin Najeriya da suka cika asibitocin nan yawancinsu da ita suka fara. In yaro zai yi ABU ko KASU ko BUK, kiredit biyar har da Turanci da lissafi da makin JAMB ake tambaya, ba wanda zai ce ina TOK ɗinka. Ko waje ya yi karatu in ya dawo bautar ƙasa sai an nemi takardar sakandare. Mun ma manta muna da namu A Level ɗin a ƙofar gida, IJMB da ABU Zariya ke kula da ita, darasi uku, ka ci ka shiga aji biyu kai tsaye, iyayenmu ma ai HSC suka yi, A Level ɗin zamaninsu, kafin a kawo 6-3-3-4. Na san abin da ke korar mutane, yajin aikin ASUU na 2022 wata takwas yara na zaune a gida, ɗan maƙwabcinmu har ɗinki ya koya ya buɗe shago, wannan tsoron gaskiya ne ban musa ba.

Shawarata dai ita ce Abba ya gama SS3 inda yake ya riƙe WAEC ɗinsa a hannu, yaron irin nawa ne sak, lissafi kamar ruwa rubutu kamar dutse, in ya so daga baya ya yi A Level na Cambridge wanda ake rubutawa a Najeriya ta hannun British Council, ƙofar gida a buɗe ta waje a buɗe. Wadda na ga IB zata dace da ita ƙanwarsa ce Nana da ke JSS3, mai surutu da karance-karance da musun tsiya, kuma ita ma ba da kuɗin fili ba, akwai makarantun UWC, wato United World Colleges, da IB suke yi kuma suna ba da sikolashif ta kwamitocinsu na ƙasashe da yawa har da Najeriya, akwai a Eswatini akwai a Tanzaniya akwai ta farkon a Wales. Gasar da zafi amma neman ba ya cin fili. Ko Hajiya zata yarda jikarta mace 'yar 16 ta tafi wata ƙasa ita kaɗai, wannan kuma wani yaƙin ne na daban, ni ba ni a ciki.

Abu na ƙarshe da na roƙe shi, nace Yaya dan Allah kafin ka ba kowa ko sisi ka shiga shafin IB na intanet, suna da jerin duk makarantar da suka amince da ita a duniya, ka rubuta sunan makarantar da abokin naka ya faɗa, in kuma ka je ka tambaye su yara nawa suka rubuta bara, nawa suka samu diflomar, malamin kemistirin shekararsa nawa a wajen. Shekaranjiya ya kira ni, kira fa ba saƙo ba. Ya sa Abba ya duba masa, sunan makarantar babu. Ya buga musu waya wata mata tace ai su "salon IB" suke koyarwa, suna kan hanyar samun amincewa, amma in ya biya kuɗin fom kafin ƙarshen wata akwai ragi. Yace min "ka ji fa, salo, ni da zan sai da fili dan salo", yayi dariya har da tari, sannan yace in turo masa yadda ake neman na Nana ɗin, amma kar in kuskura in faɗa wa Hajiya tukuna.