Sabon dakta ya fi bukatar ɗakin gwaji a kan kujerar ofis

A wani ƙauye kusa da Auyo na halarci walimar wani matashi da ya kammala digiri na uku a fannin nazarin ƙwayoyin halitta. Da ya ambaci cewa yana neman gurbin bincike na shekara biyu a ƙasar waje, sai baffansa ya ajiye kofin kunun da ke hannunsa ya ce, "Ɗana, ashe wannan karatun naka ba shi da sauka?" An yi dariya, amma tambayar ta cancanci amsa.

Abin da yaron ke nema aiki ne mai albashi, wanda sabon dakta ke yi a ƙarƙashin gogaggen masani domin ya goge hannunsa, ya wallafa sakamako, ya kuma koyi yadda ake neman kuɗin bincike da kansa. A wannan fanni ba a ƙwarewa da allo da alli kaɗai, sai mutum ya yi shekaru yana ciro DNA, wato ƙwayoyin gado, daga jini ko ganye, yana kuskure yana gyarawa.

Guraben suna nan. Gidauniyar Humboldt ta Jamus tana da tallafin Georg Forster na masana daga ƙasashe masu tasowa, har zuwa wata 24, Tarayyar Turai kuma tana da na Marie Curie. A gida akwai cibiyar ACEGID mai nazarin ƙwayoyin halittar cututtuka masu yaɗuwa da ke Ede a Jihar Osun, inda ayarin Farfesa Christian Happi ya fara tantance tsarin halittar ƙwayar korona a Afirka cikin Maris 2020, ga kuma tashar Kano ta IITA, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa, da ta daɗe tana aiki a kan wake. Sai dai yawancinsu suna da wa'adi. Na Humboldt, alal misali, ba ya ɗaukar mutum a wannan mataki idan digirinsa ya wuce shekara huɗu.

A nan ne nake ganin jami'o'inmu suna yi wa kansu illa. Da zarar malami ya dawo da hular dakta, sai a jibga masa azuzuwa masu ɗaruruwan ɗalibai, a ba shi kula da jarrabawa, wani lokaci har da shugabancin sashe, kuma kafin ya ɗaga kai wa'adin ya cika. Na san hujjar mahukunta: malamai sun yi ƙaranci a jami'o'i masu ƙuruciya irin ta Dutse da ta Kafin Hausa, kuma wasu da aka tura waje ba su dawo ba. Gaskiya ne. Amma wanda ya koyi aiki da injin tantance ƙwayoyin gado, ya dawo ya tarar da firjin adana samfuri ya narke saboda rashin wuta, wa'azi ba zai zaunar da shi ba. A ajiye masa kujerarsa, a tanadi sola da sinadaran gwaji, sannan a ɗaure shi da yarjejeniya.

Manomin Auyo ma yana da rabo a ciki. Waken SAMPEA 20-T, wanda cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta fitar a 2019 domin ya jure tsutsar da ke huda kwanso, daga irin wannan aiki ya fito, ya kuma rage yawan feshi. Ƙuduji na nan yana shanye dawa da gero, tsargiya na damun yaran da ke wanka a fadamun Hadeja, sikila kuma ba ta bar gidajenmu ba. Da waɗannan matsaloli ya kamata yaron nan ya cika takardar neman gurbinsa.