Wa zai biya gyara idan aka ja mota da birkin hannu a ɗaure?

Direbobinmu da yawa a Jidda da Makka suna zaton inshora za ta biya. Ba haka ba ne. Inshorar dole ta Saudiyya, wadda ake kira ta'amin, ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba gyaran motarka ba. Garantin kamfani kuwa na aibin ƙira ne.

Birkin hannu ƙafafun baya yake riƙewa. In ka ja motar a haka, takalman birki su yi zafi su cinye, har ka ji ƙauri, ga jar fitila tana ci a gabanka. Wannan sakacin direba ne, ko motar haya ce ko ta kafilinka, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamanka a ƙasar.

Sai dai in ka sauke birkin ya maƙale da kansa. Nan a kai wa makaniki ya duba kafin a ɗora wa kowa laifi.